Baƙi Takwas Bisa Moto Huɗu

Wata daga cikinku ta rubuto tana tambayata wai me ya sa na yi shiru, ko an shafa fatiha ne na manta da mutane. 'Yar'uwa, ina fa! Fatihar da ko goronta ba a karɓa ba? Ku gyara zama in amayar muku da abin da ya cika mini ciki. Wadda dariya ta kama ta yi abarta, na yafe mata tun yanzu, don ni ma sai da na ƙoshi da kuka kafin dariyar ta zo mini.

Ga sababbin shigowa, sunana Zalihatu. Ina sayar da magani a wata farmasi nan Dogon Dutsi, ina zaune da Mamata. Mahaifina ya rasu tun ina ƙaramar lakwal, wato firamare, shi ya sa maganar aurena take hannun ƙanensa, Baffa Abdulhakim, da ke ƙauyenmu can gaba da Dumega, dab da iyaka. Wanda nake so kuwa Yasir ne, ɗan Maraɗi, mai kaki. Kar ku tambaye ni wane irin kaki ko ina wurin aikinsa yake, ya roƙe ni kar in rubuta, kuma kun san ni da Yasir ba na iya ƙetare maganarsa.

Aikinsa ba harbi ba ne, saurare ne. Tun da mutanen daji masu bindiga suka fara yawo bisa moto a ƙauyukanmu na bakin iyaka, aka ba wa mutane wata lamba, wanda ya ga abin da bai gane ba sai ya danna waya ya aika vokal, wato saƙon murya. Sai dai ba mai kiran sunan mutanen nan a waya, don in suka tare ka suka ƙwace wayar suka saurara, ka shiga uku. Kowa "baƙi" yake cewa. Yasir ne yake riƙe da wayar nan, ya ji, ya juya wa shef ɗinsu, wato shugabansu, da sauran abokan aikinsa da Faransanci, saboda yawancinsu ba sa jin Hausa sosai. Ya san muryar kowa kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Ya taɓa ce mini, "Zali, murya tana da fuska. In mai garinku ya ce lafiya lau har sau biyu, to ba lafiya. Kuma ki riƙa sauraren abin da ke bayan muryar, kaji, turmi, kukan yara. In ba ki ji su ba, ki tashi tsaye."

Baffa kuwa ya mayar da lambar nan dandalin hira. Akuya ta ɓace, vokal. An yi ruwan shuka, vokal. Har ranar da Yasir ya ji numfashinsa yana sarƙewa cikin magana, ya gane maganin hawan jininsa ya ƙare, ya zo farmasinmu da kansa ya saya masa. Ranar na fara ganinsa, dogo, baƙi, da 'yar wushirya, yana ta kame-kame wajen faɗin sunan maganin. Kun ga kenan Baffa ne ya haɗa mu ba tare da ya sani ba, kuma duk duniya ba wanda ya kai shi murna da abin.

Mama ce ba ta yi murna ba. Kullum na dawo aiki, ko gyale ban cire ba za ta fara.

"Mai kaki mijin gwamnati na, ke aro za a ba ki. Kuma yaron ga takalmansa sun san ƙofar gidanga sun hi nawa. Shi turo magabatanai ko shi ba wasu wuri."

Da na gaya wa Yasir, dariya ya yi ya ce Mama ta fi shef ɗinsu iya ba da oda. Bai ɗau lokaci ba ya aika Maraɗi, aka sa Asabar, baffanninsa za su zo ƙauye wurin Baffa neman aurena. Ya karɓi permisiyo, wato izinin hutu, don ya tarbe su a tasha ya ɗora su hanya, ya miƙa wayar aiki ga abokinsa Landry, wani yaro mai kirki tashin Yamai, wanda Hausarsa ta ciniki ce da gaisuwa, ba ta shiga lungu ba.

Ni da Mama tun Alhamis muka tafi ƙauye. Inna Luba, matar Baffa, ta zaunar da ni gindin rumbu ta zana mini lalle har gwiwar hannu, tana yi tana tsokanata wai ko zabin da za a yanka sun fi ni natsuwa. Na ɗinka sabuwar shadda ruwan zuma da aikin zare a wuya, duk da na san ba wanda zai gan ni, cikin ɗaki zan wuni. Juma'a da la'asar saƙon Yasir ya shigo.

"Amarya, su Alhaji sun iso. Goro buhu guda, alawa kwali biyu. Na ce su ƙara, sun ce ai ba ke za ki ci ba."

"Wa ya ce maka an ba ka da kake cewa amarya?"

"Baffa nawa ne. Ke ce dai ban tabbatar ba."

Ina cikin murmushi ni kaɗai, Baffa ya fito daga zaure da wayarsa a hannu, hula a karkace. Yasir ya sha gaya musu cewa in baƙin arziki za su zo bisa moto da yawa a sanar, kar masu sintiri su tare su. To Baffa zai cika doka, kuma zai tsokani Yasir, wanda ya ɗauka tamkar ɗansa, a lokaci guda. Ya manta sam cewa ɗan nasa ya ajiye wayar. A gabana ya danna ya ce:

"Salamu alaikum yaro. To gobe muna da baƙi. Mutum takwas bisa moto huɗu, ta hanyar rijiya za su biyo bayan azahar, da kaya niƙi-niƙi. Abin da sunka zaka nema yana cikin gidana, kuma ban ga alamar zan ba su ba. Ku shirya!"

Sai ya kwashe da dariya kafin ya saki wayar. Na rufe fuska da gyale na gudu ɗaki don kunya. Abin da ban gaya muku ba, dariyar Baffa ba ta kama da dariya. Wanda bai san shi ba zai rantse shaƙe shi aka yi, wani irin hik-hik take fita da tari a ƙarshe.

Daga baya na ga abin da Landry ya rubuta wa shef, don Yasir ya nuna mini: *Huit étrangers, quatre motos, chargés. Informateur paniqué.* Wato wasu mutane takwas da ba a sani ba, ɗauke da kaya, kuma mai ba da labarin a firgice yake. Ku duba fa, bai ƙara ba, bai rage ba. Mu kalma ɗaya gare mu, wanda ka yanka wa zabo baƙo ne, wanda kake ɓoye wa 'ya'yanka shi ma baƙo ne, muryarka ce take raba su. Da aka mayar da ita rubutu, sai muryar ta zube a hanya.

Asabar tun hantsi gida ya kacame. Tuwon gero da miyar kuka, dambu, kopto, wato dafaffen ganye, da Inna Luba ta kwaɗa da ƙuli, fura a sabuwar ƙwarya, an share zaure an shimfiɗa tabarmin da ba a fitarwa sai da salla. Baffa ya sha babbar riga fara ƙal yana ta leƙen hanya. Ina ɗaki ina gyara ɗaurin kallabina karo na ban san adadi ba, muka ji ƙarar moto daga wajen rijiya. Gabana ya faɗi irin faɗuwar daɗi. Sai kuma muka ji tsawa, da wata ƙarar mota, da ihu da Faransanci. Maƙwabciyarmu ta faɗo gidan ba ko sallama, zane a hannu.

"Luba! Ku hito! An kwantar da surukkanku ƙasa!"

Ban san lokacin da na fita ba takalmi. Jama'a, abin da idona ya gani kar Allah ya nuna wa maƙiyina. Dattawa huɗu da masu moton kabu-kabu huɗu da suka ɗauko su daga Tibiri, duk rub da ciki a bakin rijiya, hannuwa a ƙeya, masu kaki zagaye da su. Babban wan mahaifin Yasir, Alhaji Adamu, rawaninsa ya warware ya yi gefe. Wani mai kaki ya matsa a hankali ya farke buhu da wuƙa, goro fari da ja ya gangaro cikin yashi. Ya buɗe kwali, alawa. Landry ya ɗora hannu biyu a ka ya ce, "Yesu."

Abin mamaki, Alhaji Adamu ne ya fara dariya. Ya tashi yana kakkaɓe riga ya ce to alhamdu lillahi, yau ya tabbatar abokan aikin ɗansu ba barci suke yi ba. Shef ya sara masa ya yi ta ba da haƙuri, aka tsince goro aka ɗure. Na ce a raina shi kenan, an wuce wurin.

Ashe ban san Baffana ba. Ya kai su zaure, ya ciyar da su, ya shayar da su, bai bari ko ɗaya ya ga ɓacin ransa ba. Amma da Alhaji Adamu ya gyara murya zai gabatar da abin da ya kawo su, sai Baffa ya ɗaga hannu.

"Alhaji, ku gahwarce ni. Yau ba ni da bakin amsa maganar arziki. Da bakin ga nawa anka kwantar da baƙina ƙasa a ƙofar garina. Ku tahi, za ku ji ni."

Ina bayan danga na ji wannan da kunnena. Suka tafi suka bar buhun a zaure, don sun ce goron da ya shigo gida ba ya komawa a ranar.

Washegari Yasir ya zo da Landry, ba kaki, suka durƙusa gaban Baffa. Landry idonsa jajur, yana ta haɗa Hausa da Faransanci, ya ce shi ya ji kamar ana shaƙe tsoho ne, ya ji tsoron kar ya yi jinkiri a kashe mutum. Wallahi ya ba ni tausayi. Baffa ya dafa kansa.

"Kai ba ka yi laihi ba, ɗana, aikinka ka yi. Ni na yi wauta. Na zaci da ɗana nika magana, ashe da takarda nika magana."

"Baffa," in ji Yasir, "laifina ne. Da na gaya maka na ba da wayar, da na gaya wa Landry ranar ce..."

"Kunya ta hana ka hwaɗa ma abokinka za a nema maka aure, ko? To ni ma kunya ta hana ni ba ka. Wurin da ba a rarrabe baƙon goro da baƙon bindiga, ban ƙara aika muryata can, kuma ban kai ɗiyata can."

A gabansu ya goge lambar daga wayarsa. Kun san ƙauye, in babba ya juya baya kowa sai ya juya. Kafin kasuwa ta zagayo, rabin masu aika vokal sun daina, wai kar wata rana a kwantar da nasu surukan. Ni kuma aka kafa mini doka, ba kira, ba amsawa, sai ya gama shawara.

Na bi doka, amma ba zan yi muku ƙarya ba, bai ce kar in saurara ba. Muna komawa Dogon Dutsi, kullum da safe kafin in buɗe farmasi vokal ɗin Yasir yana jirana. Na farko cewa ya yi, "Kar ki amsa, ki bi maganar Baffa. In na ga alamar nan ta yi shuɗi na san kin ji, ta ishe ni." Na saurare shi har batir ya yi ja. Wata rana ya ce shef ya sauya tsari, yanzu duk vokal da ya shigo a buɗe ake sa shi kowa ya ji da kunnensa, mai jin Hausa da marar ji, kuma ba a motsawa sai an kira mai saƙon an ji bakinsa. Ya ce Landry ya sa shi gaba yana koya masa dariyar tsofaffin Arewa ɗaya bayan ɗaya. Na yi dariya har da hawaye. Amma a ƙarshen saƙon muryarsa ta sauka.

"Sai dai wayar ta yi shiru, Zali. Ɓangarenku ba mai aiko komai. Muna da mota, muna da mutane, amma zaune muke kamar makafi. Ban taɓa tsoron vokal ba, shirun nan nake tsoro."

Ranar ban iya cin abinci ba. Ina son mutumin nan, ina son Baffana, kuma kowannensu yana da gaskiyarsa, abin da ya fi ci mini rai kenan.

Yau, ranar kasuwa, ina tsakar gida ina wanke farar rigata ta aiki, na ji tsayuwar kabu-kabu a ƙofa. Baffa ne, da buhun goro a bayansa. Mai moto ya shigo da shi ya jingine jikin randa. Na lura buhun a jiƙe yake, ashe duk kwanakin nan Inna Luba tana yayyafa masa ruwa a ɓoye kar goron ya bushe. Allah ya saka wa matar nan.

Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, na koma bakin ƙofar ɗaki na rakuɓe. Bayan gaisuwa ya ce wa Mama ya kawo kayan mutane ne, a nemi motar Maraɗi a mayar musu. Ina jiran Mama ta ce alhamdu lillahi, tun da dama ba ta son mai kaki. Sai na ji ta aje muciya.

"Malam, ni ban so yaron ga ba, kowa ya sani. Amma tun da abin ga ya hwaru kullum sai ya aiko a gaishe ni, bai taɓa cewa in roƙe ka ba. Kai da ka ji kunya kwana guda, ita wagga da ta rame awa kara hwa?"

"Mariama, ba ki gane ba. Mutum da girmanai..."

Wayata ta yi ƙara a kan turmi. Na yi kamar ban ji ba, don na zaci Yasir ne. Baffa ya harare ni ya ce in duba mana. Inna Luba ce. Ita ba ta karatu, hotona kawai ta sani a wayarta, shi take dannawa in tana son magana, shi ya sa ko saƙonta zuwa ga Baffa ta wurina yake biyowa. Na buɗe a fili don ya san ba dokarsa na karya ba.

Muryarta can ƙasa take, kamar ta rufe baki da zane.

"Zali, hwaɗa ma Baffanki mun yi baƙi bakin rijiya. Suna da yawa. Ba su yi sallama ba."

Shi kenan saƙon. Na sake kunna shi, wannan karon ba ita nake saurare ba, bayanta nake saurare, yadda Yasir ya koya mini. Gidan Inna Luba da hantsi, gidan da zabi da awaki ba sa barin mutum ya ji maganar kansa. Ba turmi, ba kaza, ba yaro ko ɗaya.

"Baffa," na ce, "ba a jin komai a bayanta."

Ya riga ya miƙe, ƙoƙon ruwa ya kife a tabarma. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san baƙon da bai yi sallama ba mugu ne, kuma Inna Luba ba ta zaɓi kalmar nan a banza ba. Ya zaro wayarsa daga aljihu yana dannawa, yana neman lambar da ya goge da kansa. Ya duba sama, ya duba ƙasa. Sai ya ɗago ya dube ni, ban taɓa ganin idon Baffa haka ba.

"Ke, kina da lambar yaron?"

"Baffa, ka hana ni..."

"Kira min surukina! Kira za ki yi, ba vokal ba. Shi ji ni da kunnenai."

Surukina. Ni da Mama muka dubi juna. Kalmar da na yi ta roƙon Allah in ji daga bakinsa, ga ta ta fito, kuma ba ni da ko daƙiƙar da zan yi murna da ita. Na danna. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Zali? Lafiya?"

Baffa ya fizge wayar. "Ba ita ba ta, ubanta na."

Sai na ji Yasir ya ce, "Na'am Baba. Na buɗe murya, duk muna jinka, ga shef, ga Landry. Faɗi a hankali, ta ina suka shigo?"

Baffa yana faɗi, ina jin Landry a can yana juyawa da Faransanci kalma bayan kalma, yana tsayawa yana tambaya, "Baba, rijiyar gabas ko ta bakin kasuwa?" Na ji ana jan kujeru, na ji wani yana kiran sunaye, na ji mota ta tashi. Kafin ya kashe, Yasir ya ce, "Baba, riƙe wayar nan a hannunka, kar ka aje. Ka ce wa Zali ta yi ta kiran Inna."

Baffa ya zauna daɓas a kan buhun goron da ya kawo a mayar, ya rungume wayata a ƙirji yana salati. Mama ta ɗebo ruwa a randa, ta ce ya ɗaga, ta yayyafa wa buhun, ba wanda ya ce mata don me.

Ni kuma na ɗauki wayar Mama na kira Inna Luba. Tana shiga. Na sake kira, tana shiga. Har yanzu da nake rubuta muku wannan da lallena da ya fara dushewa, ƙara take yi, ba a ɗauka ba.